Shekarar da Aka Ci Ni Tarar Tukwici

Na san abin da ake faɗa muku a bakin ruwa. Ana kiran ku 'ya'yan Kulu Mai Tikiti, a yi dariya, ku dawo gida kuna kumbure-kumbure. Wasu ma sun ƙara wa zancen gishiri, wai an kama ni a Yelwan Yauri ina sayar da tikiti ninkin kuɗinsa, har 'yan sanda suka tasa ni gaba. To, babu ɗan sanda ko ɗaya a labarin nan. Tara kam an ci ni, ba na musu, kuma da za a mayar da ni waccan shekara, abin da na yi shi zan sake yi. Tunda waɗanda suka san yadda aka yi sun fara ƙarewa, ni ma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, bari in sa a rubuta muku shi daga bakina, kada wata rana ku ji kunyar sunan da ni ban taɓa jin kunyarsa ba.

Abin ya faru ne a ranin farko bayan an yanke mana jiharmu ta Kebbi. Ku da kuka tashi kuka tarar da ita ba za ku gane irin murnar da aka yi ba. Mutum ya ga ɗan'uwansa a kasuwa sai ya yi masa barka, kamar an yi masa haihuwa. Kifi ya yi albarka a shekarar, albasa ta yi kyau, kowa aljihunsa da ɗan nauyi. A cikin wannan zumuɗi ne manyan 'yan kasuwar Yelwa da wasu malaman makaranta suka kafa kwamiti, suka ce za su haɗa kokawar da ba a taɓa gani ba, a gayyato gwanaye daga tsibirai da tungayen masunta, tun daga Shanga har ƙasarmu ta Ngaski. Mu dai kokawa mun san ta tun muna yara: a gama girbi, a share yashi, makaɗi ya rataya ganga, wanda ya ji ya zo. Wannan karon aka ce za a kewaye fili da zana, a jera bencina, kuma ba mai shiga sai da tikiti, don da kuɗin za a sayi kyautar gwani a sallami makaɗa. Da babanku ya ji, sai da ya ajiye komar kamun kifin da yake ɗinki.

"Takarda? Don a ga ƙato ya kada ƙato? Lalle mun samu jaha."

Ni kuwa ban yi dariya ba, domin tun da aka ambaci kokawa hankalina ya tafi kan kawunku Mamman. Innarmu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, ni na goya shi, da aka kawo ni gidan babanku ma da shi na zo. Gajere ne, kakkaura, ga taurin kai, shi ya sa ake kiran sa Ƙurungu, ɗan kifin nan mai ƙaya da babban kifi ke haɗiya ya yi nadama. Ni na koya masa tsayuwa a cikin jirgi tun bai kai tsawon filafilin tuƙa shi ba: ka buɗe ƙafa, ka sassauta gwiwa, in igiyar ruwa ta turo ka kada ka yi gardama da ita, ka bi ta ka dawo. Da wannan tsayuwar ya kada duk wani saurayi a gaɓarmu har zuwa Wara. Amma bai taɓa kamawa a Yelwa gaban manyan mutane ba, kuma kowa ya san a can zai haɗu da wani Bagunge daga tsibiri da ake kira Dorina, wanda bayansa bai taɓa sanin yashi ba. Tun da aka sa rana Mamman ya daina cin tuwo kamar mutum, ya koma ci kamar mutum uku, ni kuma ina tuƙawa ina jin daɗi.

Kwamitin nan ya zo da doka, kuma dokar tana da dalili. Kafin nan an yi wani wasan ƙwallo a garin, wasu samari masu wayo suka saye tikitin tun da safe, suka tsaya a bakin ƙofa suna sayarwa yadda suka ga dama. Mutanen ƙauye da suka biya kuɗin jirgi suka zo, da yawa suka koma ba su ga komai ba, har aka kusa ba hammata iska. Don haka wannan karon aka ware wa kowace tunga mai ɗan kokawa nata kason, aka ce ta turo mutum ɗaya amintacce ya karɓa ya kai wa mutanensa. Ina zaune gaban kwandon kifina ranar kasuwa mai shela ya wuce yana faɗa.

"Jama'a ku saurara, kwamiti na gaishe ku! Tikiti kuɗɗinai guda na, babu ƙari. Duk wanda anka kama ya sai da shi sama ga haka, a ci shi tara, kuma ba shi shiga hili. In kuwa wakilin tunga na, ɗan kokawarsu ya hita wasa. Wanda yaj ji shi hwaɗa ma wanda bai ji ba!"

Na ji da kunnena, har na ce madalla, maganinsu ke nan. Da tungarmu ta zauna zaɓen wakili ba a ɓata lokaci ba, aka ce Kulu, tunda duk ranar kasuwa ina hayewa da kifin banda, kuma ba a taɓa jin na ci kwabon wani ba. Babanku bai hana ba, sai dai ya ce in yi hankali, takarda ba kifi ba ce da zan shinshina in san lafiyarta. Na karɓo tikitin daga hannun sakataren kwamiti, wani malamin makaranta siriri mai tabarau da ake kira Malam Isa, wanda aka ce shi ya rubuta dokar da hannunsa. Na zuba su a gwangwani na rufe, na ɗaure a zane, na rungume shi a jirgi kamar jariri har muka sauka.

Ranar rabon tikiti gidanmu ya zama gidan biki. Tsofaffi na juya takardar suna duba bayanta, mata na tambaya ko ta goyo ma sai an saya masa, kowa ya biya kuɗin da aka ce cif, ban ƙara ba ban rage ba. To amma kun san halinmu. A wurinmu ba a aiken mutum ya haye ruwa ya kawo maka abu har gida, sannan ka sallame shi da na gode kawai. Yaba kyauta tukwici, kuma wanda aka miƙa wa tukwici ya ƙi karɓa, ya ce wa mai bayarwa bai isa ba ke nan. Wannan ta kawo tarwaɗa, wancan kwanon shinkafa, wata ƙwan agwagwa, wani albasa cikin hula. Wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa wannan da shelar da na ji ba. Kuɗin tikiti daban, yana cikin gwangwani, na kai wa Malam Isa ya karɓa ya yaba. Tukwici kuwa muka ci, muka raba wa maƙwabta, Mamman ya share rabin shinkafar, babanku ma ya ci ƙwan agwagwa har ya nemi ƙari, ko da yake daga baya ya so ya manta.

Wadda ta tona mini asirin da ban san ina da shi ba, ita ce wadda ta fi kowa so na, Gwaggo Ige, ƙanwar babanmu. Allah ya jiƙanta, mace ce da in ta fara yabon mutum sai ya nemi wurin ɓuya. Ta ɓoye tikitinta a bakin zane, ta manta ta shiga ruwa wankin kifi, gefensa ya jiƙe. Hankalinta ya tashi, ta ce sai ta bi ni Yelwa an duba mata ko ya lalace. Na nuna mata teburin Malam Isa na koma wurin kwandona. Ya duba ya ce lafiya lau, sannan ya yi mata tambayar da yake yi wa duk mutumin ƙauye da ya zo gabansa.

"Inna, nawa kunka biya?"

"Kuɗɗin da anka ce, ɗana, ko kwabo ba ta ƙara ba. Ai Kulu ɗiyar albarka ta! Ni dai da tak kawo min, nid ɗora mata tarwaɗa biyu manya-manya. Kowa tunga ya ba ta nashi, ga shinkahwa, ga albasa. Ɗakinta har ba wurin aje ƙahwa!"

Ta dawo tana fara'a tana gaya mini ta yabe ni gaban malami. Kafin in gama sayar da kifina aka aiko cewa kwamiti na nemana ranar kasuwa mai zuwa, a zauren shugabansu Alhaji Ladan mai atamfa. A nan ne shelar ta dawo mini, kalma bayan kalma, har zuwa ta ƙarshe: ɗan kokawarsu ya fita wasa. Tara ba ta dame ni ba, suna ma bai dame ni ba a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne, ni da na goya yaron nan, ni ce zan zama sanadin hana shi ranar da ya fi jira a rayuwarsa.

Washegari da hantsi aka taru a tsakar gidanmu, kowa da tasa shawarar. Gwaggo Ige na kuka tana cewa a yanke mata harshe. Wani maƙwabcinmu ya ce abu mai sauƙi ne, in ce kifin na wani tsohon ciniki ne tsakanina da su, duk tunga za ta shaide ni. Na ce ban yi ƙarya ina da gaskiya ba, ba zan fara yanzu ba, balle in sa tsohuwa ta ƙaryata kanta gaban mutane. Mamman kuwa sai zagaye yake kamar an ɗaure ɗan akuya.

"Su ci hilinsu! Ni ba ni kamawa. Wa ya isa shi kira Yaya gaban shari'a saboda kihi?"

"Zamna, kai ba a tambaye ka ba," na ce masa.

Babanku ya yi gyaran murya irin ta mai dogon tunani, ya ce shi a ganinsa a mayar wa kowa abinsa, magana ta mutu. Na juya na dube shi.

"Malam, in maida ma Gwaggo tarwaɗarta? In ce mata mi? Kuma ƙwan da kac ci, ta ina za mu hiddo shi?"

Sai ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki. Har Gwaggo sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Ranar da aka sa, na yi wanka na ɗaura zanena mai kyau, na tafi tare da babanku da Mamman. Zauren cike yake da 'yan kwamiti. Alhaji Ladan dattijo ne mai ƙiba da sanyin magana, ya gaishe mu da mutunci, ya ce in faɗi yadda aka yi. Na faɗa tiryan-tiryan, ban ɓoye ko albasa ɗaya ba. Na ga wasunsu suna murmushi suna gyaɗa kai, na fara jin sanyi a raina. Sai Malam Isa ya miƙe.

"Alhaji, ni ma ɗan ƙasar ga na, na san tukwici. Ban ce matar ga ta ci amana ba, kuɗɗinmu sun zo cikakku. Amma in munka ce wanga ba komi, gobe duk yaro mai wayo sai shi tsaya bakin hili shi ce ga kuɗɗin tikiti, ga kuma na tukwici. Ran nan doka ta mutu, kuma talakan da munka yi ta dominai shi ka komawa gida bai ga komi ba."

Na so in ji haushinsa, har na shirya bakina, amma gaskiya ɗaci gare ta. Na tuna mutanenmu da suka dawo daga wasan ƙwallo fuska a murtuke, kuɗin jirgi ya tafi a banza. Mutumin nan ba mugu ba ne, tsare ƙofa yake yi, ni ce na zo da kaya mai faɗi. Na ji numfashin Mamman a bayana yana hawa. Ni kuma abin da na iya a duniya ciniki ne, sai na kama shi.

"Malam, hukuncin naku kashi nawa na?"

"Ukku. Tara, hana shiga hili, da hidda ɗan wasa."

"Na ɗauki biyu. Rage min guda."

"Baiwar Allah, nan ba kasuwa ba ta."

"Na sani. Hanin shiga, na bana kaɗai na?"

"Na bana."

"To na ƙara muku. Ku hana ni muddin kuna wasan ga, bana da baɗi da duk shekarar da Allah ya kai mu. Ku sa mai shela shi hwaɗi sunana tsakiyar kasuwa. Duk wanda yaj ji an hana mace kallon yaron da tag goya saboda tarwaɗa biyu, ba shi wasa da dokarku. Ni nik karɓa, ba tunga ba, ba Mamman ba. Ku bar shi shi kama."

Alhaji Ladan ya dube ni, sannan ya juya ga sakatarensa.

"Malam Isa, ka taɓa ganin wanda anka kawo shari'a ya ƙara ma kainai hukunci?"

Malam Isa ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya goge, ya sake gogewa. Daga ƙarshe ya ce in dai za a yi shelar, shi bai ga inda doka ta yi asara ba. Aka yanke: tarata kwandon kifin banda, daidai da abin da na samu, ƙafata kuma ba za ta taka cikin zana ba har abada, Mamman yana cikin wasa. Ranar kasuwa ta gaba mai shela ya kira sunana sau uku, tun daga rumfar masu albasa har bakin ruwa. Daga ranar na zama Kulu Mai Tikiti.

Ba zan ce muku abin bai yi mini ciwo ba. A zauren na yi ta maza, amma da jirgi ya kai tsakiyar ruwa sai na juya musu baya, na yi kamar ina gyara kwando, hawaye na zuba. Mamman ya gane.

"Yaya, wa za ni yi ma kokawa in ba ki nan?"

"Kunnena lahiya lau yake. Kai dai tsaya yadda nik koya maka."

Tarar ma tunga ce ta haɗa ta. Kafin in buɗe baki kowace mace ta zaɓo mafi kyawun kifinta, kwando ya cika har ya yi tozo. Na ɗauka da kaina na kai zauren Alhaji Ladan, na tarar da shi da Malam Isa, na sauke a gabansu. Ƙamshi ya cika wurin. Alhaji ya leƙa ya ce tubarkalla, wannan kifi haka! Sai kawai na ga hannunsa ya shige aljihu, ya zaro kuɗi ya miƙo mini.

"Ungo, a sha ruwa bisa hanya."

Hannunsa na miƙe, nawa na miƙe, sai muka tuna tare. Muka juya muka dubi Malam Isa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa zaton tana cikin siririn jikin nan ba, har tabarau ya zame. Alhaji ya ce astagfirullahi, shugaban kwamiti da kansa! Na ce ai kuwa ba ni mayarwa, ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na ƙulle abina a bakin zane na fito.

Ranar wasa duk tungarmu ta haye. Jirage suka jeru a bakin ruwan Yelwa har ba wurin ɗaurewa, ga ganguna, ga masu tallar rake da ƙosai, kowa cikin kayan sallarsa. Na raka su har ƙofa, na dafa kan Mamman na yi masa addu'a, na koma gindin wata tsamiya kusa da zana na shimfiɗa tabarma, na ajiye ɗan kifin da na zo da shi na sayarwa. Gwaggo Ige ta rantse ba ta shiga ta bar ni. Ta ga wata mata da ba ta samu tikiti ba, ta miƙa mata nata kyauta. Matar ta yi murna ta kwance goro za ta ba ta, Gwaggo ta yi tsalle baya kamar ta ga maciji.

"A'a! Riƙe goronki! Riƙe abinki, ɗiyata, mun gani!"

Akwai wata 'yar kafa a jikin zanar, daidai inda muke, waɗanda ba su da tikiti suna ta leƙe bi da bi. Suka ce in zo, ai leƙe ba shiga ba ne. Raina ya so, Allah ya sani. Amma na riga na yi ciniki, kuma ban taɓa karɓar kuɗin mutum in rage masa mudu ba. Na juya wa zanar baya na fuskanci ruwa. Can Malam Isa ya zagayo yana duba ƙofofi, ya gan ni a haka, ya dubi kafar, ya dube ni. Ya wuce. Jim kaɗan sai ga shi da ɗan benci a kafaɗa, ya ajiye mana ya koma.

Da kunne na kalli wasan nan. Kowane gwani da takensa, na Mamman kuwa ko cikin barci na ji shi na san shi. In aka buga shi sai in riƙe hannun Gwaggo, in ji fili ya yi shiru, sai ihu ya tashi, sai taken ya dawo da ƙarfi, in san yaro ya wuce. Haka ya yi ta wucewa har bayan la'asar, inuwar tsamiya ta miƙe. Sannan aka buga wani take mai nauyi da ya sa ƙasa rawa, mutanen tsibiri suka ɗauki kirari, na san Dorina ya fito. Aka buga na Mamman. Shirun da ya biyo baya ya yi tsawon da ban taɓa ji ba, har ina jin nishinsu ta cikin zana. Gwaggo na salati, ni ina cewa a raina, sassauta gwiwa, ɗan Inna, kada ka yi gardama da shi. Sai fili ya fashe gaba ɗaya. Ganguna suka rikice, kowa na buga nasa, na kasa gane na wa ke sama. Na miƙe tsaye, ban san ko in yi guɗa ko in yi kuka ba.

Babanku ne ya fara fitowa. Mutumin da tun da na san shi ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, ko da jirgi zai bar shi, sai ga shi a guje, hula a hannu, takalmi ɗaya.

"Kulu! Ya kada shi! Wallahi ya kada shi!"

Guɗar da na yi, an ce har masu jirgi a bakin ruwa sun ji. Bayansa sai ga samarin tungarmu ɗauke da Mamman a kafaɗa, sun wuce rumfar manyan baƙi ba su tsaya ba, sun bar sabon keken da aka tanada wa gwani a jingine, suka yo waje, makaɗa na biye, jama'a na biye da makaɗa. Suka sauke shi a gabana, jikinsa duk yashi da gumi. Ya durƙusa. Da ƙyar ya ce, da kin gani, Yaya. Wannan kalma ta sosa mini inda ke ciwo, na yi ta shafa kansa kawai.

Sai mutane suka dare. Wani ƙato ya ratso, faɗinsa ya kai ƙofar zaure, yashi manne a bayansa. Ba sai an gaya mini ba. Samarinmu suka fara gyara tsayuwa, suna zaton rigima ya kawo. Ya tsaya ya dube ni.

"Ke ta anka hana shiga? Labarinki ya kai tsibiri." Ya juya ga Mamman. "Yaro, tashi mu sake, yayarka ta gani. Amma kama ni da gaske, in kas sassauta ni ka kada kai."

Mutumin da aka kada karo na farko a rayuwarsa, gaban dubban idanu, shi ne ya zo yana neman a sake. Alhaji Ladan ya iso yana haki, ya dubi sakatarensa ya ce, Malam, doka ta hana?

"Doka ta tsaya bakin zana, Alhaji. Nan ƙasar Allah ta."

Aka ja baya aka yi da'ira a gindin tsamiya, masu tikiti da marasa tikiti duk ɗaya. Gwaggo ta tura ni kan bencin Malam Isa. Aka buga ganga, suka kama. Na gani da idona. Na ga ƙafafun nan biyu a buɗe, gwiwa a sake, kamar yana tsaye a bakin jirgin babanmu. Dorina ya turo shi da dukan nauyinsa, yaron ya bi shi baya, ya bi shi, har na ce shi ke nan, sai ya nutse ƙarƙashinsa ya dawo, ya murɗa ƙugu. Ƙasa ta amsa. Har yau akwai masu cewa Dorina da gangan ya faɗi na biyun. Su suka sani. Ni ina kusa, na ga jijiyoyin wuyansa, kuma na ga yadda ya tashi yana dariya yana girgiza kai.

Na zaɓi mafi girman kifin da ke kwandona na miƙa masa da hannu biyu, don ba a yi maka irin wannan ka ce na gode kawai. Ya karɓa. Na saci kallon Malam Isa, na tarar ya ɗaga kai yana duban 'ya'yan tsamiya kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

An ci gaba da wasan wasu shekaru kafin kwamitin ya watse, kuma ba a sake jin an kama kowa da ƙarin kuɗin tikiti ba. Har Malam Isa ya taɓa aiko mini cewa an yafe, in shiga. Na ce a gaishe shi, ciniki ya riga ya faɗa. Duk shekara gindin tsamiyar nan nake zama, shi kuma bai taɓa mantawa da bencin ba. Keken ya tsufa a rataye, don tungarmu ba ta da hanyar hawansa. Mamman kuwa kun san ya riga ni tafiya, Allah ya haskaka kabarinsa, ni da na goya shi ni ce na saura ina ba da labarinsa.

Don haka in an kira ku 'ya'yan Kulu Mai Tikiti, ku amsa da ƙarfi. In kuma wani ya ce muku uwarku ba ta taɓa ganin kokawar Ƙurungu ba, ku ce masa ta gani sau ɗaya. Duk Yauri sun sayi tikiti sun kalli wadda aka yi don keke. Ni na kalli wadda aka yi domina.